Kwamfutata ta ƙi tashi, tana cewa ba ta ga faifai ba

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. Tun da asuba na kunna laftof ɗin shagonmu, allo ya yi baƙi, rubutu kawai: No bootable device. Lissafin bashin kwastomominmu duk yana ciki, ga oda ta masu Umra ta taru. Ku taimaka don Allah.

Malam Na Madina: Wa'alaikumus salam. Ɗana, fara zare filashi idan akwai. Sai ka kunna kana danna F2 (a HP F10 ne) ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kafin Windows ta tashi. Duba ko sunan faifan (hard disk, ma'ajiyar bayanai) ya bayyana. In ya bayyana, mayar da Windows Boot Manager sama a jerin abubuwan da kwamfutar ke tashi da su. Duba kwanan wata ma: in ya koma baya da shekaru, ƙaramin batirin CMOS (mai riƙe agogo da saiti) ya mutu, wataƙila saitin tashi ya sauya daga UEFI (sabon tsari) zuwa Legacy (tsohon tsari).

Ɗan Jidda: Malam, faifan ba ya nan. Ina jin ƙas-ƙas a ciki.

Hajiya Ummu: Ƙanina, kashe ta yanzu! Wannan ƙarar alama ce faifan na mutuwa, kunnawa na ƙara lalata shi. Kar ka yarda mai gyara ya yi fomat (goge komai). A fara kwashe lissafin tukuna, sannan ka sa SSD (sabon nau'in faifai marar juyawa).