Neman Shawara: Fushi da nadamar Allah a littattafan annabawan Yahudawa, zahiri ne ko tawili?

Ɗalibar aji uku: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini. A darasin nazarin addinai an ba ni batun annabci a wurin Yahudawa, mako mai zuwa zan gabatar a gaban aji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Attaura, Farawa 6:6 ta ce Allah ya yi nadamar halittar mutum, a littafin annabi Yusha'u (Hosea) 11:8 kuma yana cewa zuciyarsa ta juya saboda tausayin Ifraimu (wato mutanen Isra'ila), amma Littafin Ƙidaya 23:19 ya ce shi ba mutum ba ne balle ya yi nadama. To malamansu a zahiri suke ɗaukar wannan ko tawili suke yi? Ba na so in ɗora musu abin da ba su faɗa ba, ba na kuma so a ce na siffanta Ubangiji da siffar bayi.

Tsohon malamin Larabci: Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204. Littafinsa Dalalatul Ha'irin da Larabci ya rubuta shi, da haruffan Ibrananci, wajen 1190. A wurinsa Allah ba ya fushi, ba ya nadama, domin duk wanda wani abu ke motsa shi yana sauyawa, mai sauyawa kuwa bai cika ba. In Attaura ta ce ya yi fushi, ana nufin ya aikata abin da in mutum ne ya yi shi za a ce fushi ya sa shi. Ya jingina da maganar Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, cewa Attaura da harshen 'yan Adam take magana. Annabci kuma a ganinsa ilimi ne da ke kwararowa daga Allah zuwa hankalin mutum, daga nan ya wuce inda ake suranta abubuwa, shi ya sa yake zuwa a mafarki da misalai. Sai wanda ya kammala a ilimi da hali yake kaiwa nan, kuma Allah na iya hana shi ko ya kammala. Annabi Musa kaɗai ya ware. Wanda ya karanta Farabi, masanin falsafa Musulmi, zai ji ƙamshinsa a nan.

Yayarku daga Jos: Baba ya yi bayani, amma ƙanwata in kika tsaya nan rabin magana kika kai aji. Nemi Abraham Joshua Heschel, shi ma malamin Yahudawa ne. An haife shi a Warsaw a 1907, ya yi digirinsa na uku a Berlin a kan annabci, ya tsira zuwa Ingila a 1939 sannan Amurka, 'yan Nazi kuma suka hallaka mahaifiyarsa da 'yan uwansa mata. Littafinsa a kan annabawa ya fito da Turanci a 1962. Shi cewa ya yi Allahn da ba abin da ke taɓa shi na Aristotle ne, ba na Amos da Irmiya ba.

Buɗe Amos ki ga abin da yake nufi. Makiyayi ne daga Tekowa, da bakinsa ya ce shi ba annabi ba ne, ba ɗan annabi ba. Me ya tayar masa da hankali? 'Yan kasuwa suna rage mudu, suna ha'inci a ma'auni, ana sayar da matalauci a kan takalmi. Mu a idonmu harkar kasuwa ce ta kullum, shi kuwa yana magana sai ka ce sama za ta faɗo. Heschel ya ce dalili shi ne annabi yana jin yadda abin ya dami Allah, nauyin ya sauka a ƙirjinsa. Haka Irmiya ya ce zai yi shiru, maganar ta zama wuta cikin ƙasusuwansa. Kuma Heschel bai ce fushin irin namu ba ne mai rufe ido. Martani ne ga aikin mutane, in sun tuba ya janye, kamar yadda ya faru da mutanen Nineba. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, domin mutumin bai tsaya a takarda ba, a 1965 ya fita tattakin neman 'yancin baƙaƙen fata a Selma ta Amurka tare da Martin Luther King.

Wani ɗan uwa: Yaya, ba duka suka yarda da shi ba fa. Wani malaminsu, Eliezer Berkovits, ya yi wa Heschel raddi a 1964, ya ce wannan fahimta ta fi kusa da Kiristanci. Masu goyon bayan Heschel kuma suna nuna Talmud ɗin kanta, inda a Berakhot 7a aka ce Allah yana addu'a rahamarsa ta rinjayi fushinsa, a Megillah 29a kuma aka ce halarcinsa ya bi Isra'ilawa zaman bauta.

Ɗalibar aji uku: Na gode ƙwarai. To wanne zan ce shi ne matsayin Yahudawa? Kuma zan iya kwatanta shi da saɓanin malamanmu a kan ayoyin siffofi?

Tsohon malamin Larabci: Kada ki ce ko ɗaya. Duk jimlar da za ki faɗa, ki sa sunan mai ita a gaba, wannan zai kare ki daga abubuwa biyun da kike tsoro. Kwatancen ki ambace shi a taƙaice, tunda bin Maimun a cikin Musulmi ya rayu kuma ya tattauna ra'ayoyin Ash'ariyya da Mu'utazila, amma kada ki ce abu ɗaya ne. Sannan ki rubuta 1 Sama'ila 15 a allo: aya ta 11 ta ce Allah ya yi nadamar naɗa Saul sarki, aya ta 29 ta ce ba ya nadama, duk a sura guda. Ki karanta musu su biyun, ki nuna yadda kowane malami zai warware su, sai ki karɓi tambayoyi.