Musayar Waƙa: Me Ya Kashe Gonar 2505?

Mai Majigi:
Sallama gare ku, ga baiti na buɗewa,
Fim ɗin Idiocracy na Mike Judge, a 2006 ya yi fitowa.
Joe Bauers sojan Amurka ne, tsaka-tsaki wajen ganewa,
Barcin shekara guda aka sa shi a akwatin gwadawa,
Aka manta da shi, sai a 2505 ya yi farkawa.
Ya tarar da bola ta yi tsauni har tana zaftarewa,
Shugaban ƙasa Camacho, tsohon ɗan kokawa,
Lemon Brawndo ya kori ruwa, har gona shi ake zubawa.
Malam Mai Garma, me ya kashe shukar? Muna jiran amsawa.

Mai Garma:
Ƙanena, babu tsafi a nan, aikin na gishiri.
Lemon 'yan tsere irin Brawndo, lita guda, kusan giram 60 sukari,
Da sodiyam kusan rabin giram, a kwalba ba hatsari.
Amma rana ruwa take ɗauka, gishirin ta bar shi a wuri,
Yau ka zuba, gobe ka ƙara, fuskar ƙasa ta yi fari.
Saiwa tana jan ruwa ne in nata ya fi na ƙasa kauri,
In na ƙasa ya rinjaya, ruwan shuka ke fita da sauri.
Gona a jiƙe, ganye a yanƙwane, bakinsa ya ƙone da wuri.
A dS/m, ma'aunin gishirin ƙasa, daga 1.7 masara ke fara jin gishiri,
Sha'ir kan jure har 8, don shi mai tauri ne a iri.
Sodiyam kuwa laka yake watsawa, in ta bushe ta yi tauri.

Sarkin Rafi:
Yaya Mai Garma ka faɗi cuta, ta magani ga amsa.
Joe ya ce a koma ruwa, nan kam bai yi kasa,
Amma tsiro cikin 'yan kwanaki? Fim ya yi mana wasa.
Fara da haƙa magudana, ruwan ɗauraya ya yi nisa,
In babu ita, gishirin da ka kora zai sake hawowa bisa.
Ruwan daɗi santimita 15 ka ratsa shi cikin ƙasa,
Rabin gishirin santimita 30 na sama zai yi ƙasa.
A hekta, lita miliyan 1.5 ke nan, garwa ba ta isa.
Ninka ruwan, kashi 80 cikin 100 ne zai fasa.
Kashi-kashi za ka zuba, ka bar shi ya tsotse, ba a gasa.
In ruwa ya kwanta ya ƙi shiga, jifsam, ma'adini mai gyara laka, za ka watsa.

Malama Mai Alli:
Malamai kun gyara gona, tushen fim ba ku taɓa ba.
Wai masu ilimi sun jinkirta haihuwa, wawaye ba su tsaya ba,
Sai wauta ta gaje duniya. Ni wannan ban yarda ba.
James Flynn ya bi makin IQ, gwajin basira, bai ga faɗuwa ba,
Kusan maki 3 duk shekara 10 ya hau a ƙarni na 20, ba gado ba.
A Norway daga baya ya sauka, ba a ɓoye ba,
Binciken 2018 kan samarin da aka gwada don soja, ku duba:
Wa da ƙane, gida guda, na ƙanen bai kai na wan ba.
Jini ɗaya ne, to muhalli ne ya sauya, ba zuri'a ba.

Likitan Yara:
Malama kin buɗe ƙofa, bari in ambaci dalma.
Ƙwaƙwalwar yaro take ci, ta hana ta girma.
A fetur ma an zuba ta, sai 2021 aka gama.
Zamfara a 2010, Dareta da Yargalma,
A tsakar gida ake niƙa dutsen zinare mai dalma, ƙura ta yi sama,
Yara fiye da 400 sun rasu, wasu har yau suna fama.
Magani kaɗai ba ya yi in gida mai guba za a koma,
Sai an kankare ƙasar sama, an shimfiɗa sabuwa kuma.
Ga rashin aidin ga mai ciki, shi ma yana dakushe fahima,
Miligiram 20 zuwa 40 a kilon gishiri ya gama.
A rufe shi a gwangwani, in ya sha iska da laima
Aidin ɗin gudu yake, gishiri kawai ke zama.

Mai Majigi:
Likita sannu, saura guda da ke buƙatar warwarewa:
Da aka daina ba gona lemo, hannun jarin kamfanin Brawndo ya yi rushewa,
Kwamfutarsa ta sallami rabin 'yan ƙasa daga aiki ba tambayawa,
Aka kai Joe filin hukunci, manyan motoci na jiran takawa.
Hajiya Mai Lissafi, yaya ake raba ƙasa da kamfani ba tare da yunwa?