Takardar ISO 9001 da tambarin CE sun wadatar wa mai ƙera famfon zafi?

Garba_Makeri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata a kan famfon zafi ce, irin wanda ke ɗebo zafi daga iskar waje ya zuba shi cikin ruwan ɗumama gida. A ce masana'anta na da ISO 9001, kayanta kuma na ɗauke da tambarin CE, amma dillalan Turai suka ƙi karɓa sai an kawo Heat Pump KEYMARK. Me KEYMARK ke tabbatarwa wanda waɗancan biyun ba su tabbatar ba? Kuma ta ina ake farawa?

Injiniya Hadiza ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Garba. Dillalan na da gaskiya, don takardun uku kowace da aikinta.

ISO 9001 tsarin gudanar da masana'anta take dubawa: ana rubuta yadda ake aiki, ana bin abin da aka rubuta, ana gyara kuskure in ya faru. Shekara 3 take yi, ana kuma zuwa dubawa kowace shekara. Mai bincikenta ba ya kunna na'urar ya auna zafin da take bayarwa. Shi kuwa CE, a mafi yawan ɓangarorinsa mai ƙera kayan ne da kansa yake sa hannu cewa ya cika dokokin Tarayyar Turai.

KEYMARK na'urar kanta yake bi. Mallakar CEN da CENELEC ne, hukumomin da ke tsara ƙa'idojin kaya a Turai, ƙungiyar EHPA ta masana'antun famfon zafi na Turai ke tafiyar da shi, kuma doka ba ta wajabta shi ba, kasuwa ce ke nemansa. Za ka nemi ɗaya daga cikin hukumomin da aka ba izinin bayar da shi, ku daidaita a kan yadda za a kasa samfuranka gida-gida, wato waɗanda kwamfiresa, kwayil da adadin gas ɗinsu ɗaya ne. Daga nan a ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda ke da shaidar ISO/IEC 17025.

A can za a yi gwajin EN 14511, mai auna ƙarfi da COP (ninki nawa na wutar da na'urar ta ci take bayarwa a zafi) a yanayi tsayayye. In ka ga A7/W35, ana nufin iskar waje digiri 7, ruwa ya shiga a 30 ya fita a 35. Sai EN 14825, wanda shi ne ke fitar da SCOP, ƙimar aikin na'urar a tsawon lokacin sanyi gaba ɗaya. Don matsakaicin yanayi ana gwadawa a digiri -7, 2, 7 da 12, da nauyin aiki kashi 88, 54, 35 da 15 cikin 100. A nan ne asirin inbata, wato abin da ke rage ko ƙara gudun kwamfiresa, ke tonuwa: na'urar da ba ta iya rage gudu sosai, in aka zo digiri 12 sai ta riƙa kunnawa tana kashewa, SCOP ya zube. Ƙarar na'urar kuma da EN 12102 ake auna ta, in akwai tankin ruwan wanka a haɗa da EN 16147.

Yi wannan lissafin tun kafin ka biya kuɗin gwaji. Dokar Turai mai lamba 813/2013 ta ce ƙimar lokacin sanyi kada ta gaza kashi 125 a ruwa mai digiri 35, ko kashi 110 a digiri 55. Don samun wannan ƙimar, raba SCOP da 2.5, ka ninka da 100, ka cire 3. SCOP 3.2 zai ba ka 125 cif, wato kana bakin iyaka.

Alhaji Sani QC ya amsa:

Injiniya ta gama da ɗakin gwaji. Ni zan ja hankalinka zuwa cikin masana'antar, Malam Garba, don yawancin masu rasa satifiket ba a gwajin farko suke faɗuwa ba. Kowa na iya lallaɓa na'ura guda ɗaya ta fito tsaf. Abin da sufeto ke zuwa nema kowace shekara shi ne ko ta dubu ɗaya da ta fito daga layi daidai take da wadda aka gwada.

Zai tsaya a wurin walda ya duba ko ana hura naitrojin cikin bututun jan ƙarfe lokacin da wuta ke kansa. In ba a hura ba, baƙin ɓawo na taruwa a ciki, daga baya ya ɓanɓare ya je ya toshe bawul ɗin da ke sakin gas, ko tace ɗin da ke gabansa. Wannan ba ya nunawa ranar da aka haɗa na'urar, sai bayan wata da watanni a gidan mai saye, zafi ya ragu, kwamfiresa na ɗaukar zafi fiye da kima. Zai duba gwajin yoyo, wanda masana'antu masu kyau ke yi da iskar hiliyam ga kowace na'ura, ba ɗaya cikin goma ba. Zai duba zuƙe iska kafin a ɗura gas, ko matsin da ya rage a ciki na sauka ƙasa da maikron 500 a kuma rufe a ga ya tsaya. Man POE da ke cikin kwamfiresa yana jan laima, laima kuwa tana mai da shi asid, asid ya ci rufin wayar injin kwamfiresa. Sikelin ɗura gas ma sai ya ga takardar daidaita shi, haka kowane ma'aunin zafi da na matsi da ke kan layi. A ƙarshe gwajin lantarki: wayar ƙasa, ƙarfin rufin waya, da kunna kowace na'ura a ga ta yi aiki.

Zai kuma zaro lamba ɗaya daga jikin wata na'ura ya ce a nuna masa kwamfiresa wane rukuni aka sa mata, wa ya yi waldar, gram nawa aka ɗura. In aka fara neme-neme cikin takardu, an samu matsala.

Babban ramin shi ne canjin kaya. Sashen saye ya samu fanka ko kwamfiresa mai rahusa ya sauya, ko masu manhaja su taɓa lokacin narkar da ƙanƙara, ba a gaya wa hukumar ba. Duk abin da ke iya taɓa ƙarfi, COP ko ƙara, a rubuce ake sanar da shi kafin a soma, su ne za su ce ko sai an sake gwaji.

Injiniya Hadiza ta ƙara:

Alhaji, maganar ƙanƙarar nan ta cancanci a tsaya a kanta. A digiri 2 iskar ɗakin gwaji jiƙe take, kwayil na waje ya kan daskare, na'urar ta juya aiki don ta narkar, kuma duk wutar da ta ci da zafin da ta janye daga ruwan ana sa su cikin lissafi. Masana'antar da ta auna kanta a busasshiyar iska za ta rubuta adadin da ba za ta taɓa samu a wajen masu gwaji ba.

Sannan ma'aunin zafin ruwa. Tazarar shiga da fita digiri 5 ce kawai. Na'ura mai kilowat 8 tana tura kusan lita 1,380 a awa. In ma'aunin shiga ya kauce da 0.1, na fita ma ya kauce da 0.1 ta ɗaya gefen, ka yi kuskuren kashi 4 cikin 100 a ƙarfi da COP tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a rubuta adadi mafi kyau da aka taɓa samu. A rage kaɗan, a bar wa kai wurin numfashi.

Mal. Yusufu Firji ya amsa:

Ina da ɗan ja da yadda aka tattara komai a kan KEYMARK. Malam Garba, tambayi dillalin ƙasar da za ka sayar tukuna, don wasu ƙasashe na da nasu tsarin ba da shaida. A Ingila tallafin gwamnati na bin MCS ne, a Faransa an san NF PAC, a Amurka kuwa AHRI ne, kuma rahoton gwajin Turai ba ya maye gurbinsa. Akwai kuma tambarin inganci na EHPA, wanda ke neman garantin shekara 2 da samun kayan gyara har shekara 10.

Kuma babu ɗaya cikinsu da ke ɗauke maka gwajin kariya na IEC 60335-2-40. In gas ɗinka R290 ne, mai kama wuta ne ajin A3, ba kamar R32 da ke ajin A2L ba, don haka akwatin lantarki, rila da duk abin da ke iya tartsatsi sai an nisanta su ko an rufe su daga inda gas zai iya taruwa. Fara da wannan, don in ya tilasta maka sauya fasalin na'urar bayan an gama EN 14825, gwajin zai koma farko, kuɗin ma haka.

Garba_Makeri ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Alhaji Sani, in kwamfiresa iri biyu ake son amfani da su a samfuri ɗaya saboda ƙarancin kaya, ana iya shigar da su duka tun farko?

Alhaji Sani QC ya amsa:

Ana iya nema, amma ka bayyana su duka a takardar neman tun ranar farko, da lambar kowanne da adadin gas ɗinsa. Ka shirya cewa hukumar na iya ɗaukar su a matsayin samfuri biyu, kowanne da nasa gwajin. In an bar su a ƙarƙashin suna ɗaya, adadin wanda ya fi rauni za ka rubuta a takardar bayanan na'urar.