Masu jin Crass, daga ina ake farawa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Na tsinci wata baƙar riga a gwanjo mai tambari zagayayye kamar maciji ya naɗe gicciye, abokina ya ce na Crass ne, wai wasu mawaƙan Ingila da ba ruwansu da gwamnati. Dan Allah wanda ya san tarihinsu ya nuna min faifan da zan fara da shi, datata ba yawa.

Kawu: Wa alaikumus salam. The Feeding of the 5000, na 1978. Waƙoƙin gajeru ne, ba za su cinye maka data ba.

Hajjo: Rigar dai kada ka shiga sahun gaba da ita ranar Juma'a 😂

Baban Ummi: Kawu ka ba yaro faifai ba ka ba shi labari ba, ai zai kunna ya ji ihu da ganga kamar ta faretin soja ya kashe. Ɗan Fagge, su waɗannan a 1977 suka haɗu a wani tsohon gidan gona da ake kira Dial House kusa da Epping a Essex, gida ne da ba a rufe ƙofa, kowa ya zo ya zauna a ci tare. Penny Rimbaud mai ganga shi ne babba, Steve Ignorant yaro ne matashi lokacin shi ke riƙe makirufo, Gee Vaucher kuma ita ke zana bangon fayafayan. Duk baƙaƙen kaya suke sawa don kada a ce ga tauraro ga 'yan amshi. Kuma tun da wuri suka ce 1984 za su watse, har lambobin da ke jikin fayafayansu ƙirga shekarun da suka rage suke yi. Suka kuwa cika alkawari, wasan ƙarshe a Aberdare ta Wales a watan Yuli 1984, kuɗin ƙofa aka ba masu haƙar kwal da ke yajin aiki.

Malam Na'ibi: Ni nawa gargaɗi ne. Akwai waƙarsu da ta yi ɓatanci ga Annabi Isa alaihis salam, Reality Asylum. Ku tsallake ta. Ko can ma ma'aikatan masana'antar da ke buga faifan sun ƙi bugawa, sai aka bar wurin shiru na kamar minti biyu a bugun farko, daga baya har 'yan sanda suka yi bincike.

Baban Ummi: Haka ne Malam, kuma wannan rigimar ce ta sa suka kafa kamfanin kansu Crass Records.

Malam Na'ibi: Ban tambayi kamfani ba, na ce a tsallake.

Na Landan: To ni shawarata ɗaya ce, duk wanda zai nemi faifan garmaho na asali ya yi hattara da 'yan intanet. Wlh har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na ga wani ya sa Stations of the Crass na 1979 a kasuwa, ya rantse bugun farko ne, hotuna tsaf, bangon nan da ake warewa ya zama babbar fosta baƙi da fari duk yana nan. Na tura kuɗi masu kauri, na yi ta jira, mutumin nan yau ya ce gidan waya gobe ya ce yana asibiti, da kayan ya iso sai ga faifai ɗaya a ciki alhali biyu ne, na biyun da ke da ɓangaren wasan da suka yi a gaban jama'a babu shi, wanda ya zo ɗin ma ya lanƙwashe allura na hawa tana sauka, fostar kuma an manne ta da salatif ta tsakiya kuma warin danshi kamar an ajiye a ƙarƙashin gado tun zamanin Thatcher. Na yi masa magana ya ce ai haka tsohon kaya yake, daga nan ya toshe ni. Abin da ya fi ƙona min rai, a jikin bangon ga rubutu ƙarara cewa kada a biya fiye da fam 3. Su suka buga haka da kansu don kada 'yan kasuwa su cuci yara, yau ga wani yana cin riba ninki ba ninki da sunansu. In sauraro kake so nemi sabon bugun da aka fara fitarwa a 2010, sauti ya fi fita, ko ka ji a YouTube kawai ka huta.

Hajjo: Allah sarki Yaya, ɗan jari hujja ya damfare ka da faifan 'yan anakis 😂😂

Na Landan: Ke Hajjo ki kiyaye ni.

Sarkin Jita: Ku yi haƙuri amma Crass ba hadko (wato kiɗan pank mai zafi da sauri) ba ne. Wa'azi ne da ganga. Mai son zafi ya nemi Discharge na Stoke-on-Trent, faifansu na 1982, daga wurinsu aka samo kiɗan D-beat, har Metallica sun maimaita waƙoƙinsu.

Baban Ummi: Ba wanda ya ce Discharge ba su iya ba. Amma Conflict a ƙarƙashin wa suka fara fitar da faifai? Ba Crass Records ba?

Sarkin Jita: Wannan zancen kamfani ne Baba, ni zancen jita nake.

Kawu: Kun sake farowa ke nan.

Maman Khalifa: Duk kun manta matan. Faifan 1981 Eve Libertine da Joy De Vivre ne suka rera shi, ba muryar Steve ko ɗaya, kuma ni a wurina ya fi sauran daɗin ji. Sunan ne ba zan rubuta a zaure ba, akwai manya.

Ɗan Fagge: Aunty yanzu kin sa dole in nemo 😅

Baban Ummi: Abin da ya fi burge ni a tarihinsu ma ba waƙa ba ce. Bayan yaƙin Falklands da Ajantina a 1982 sun yi wa Firaministar Birtaniya Thatcher waƙa mai zafi har wani ɗan majalisa Tim Eggar ya nemi a gurfanar da su, abin bai yiwu ba. Sai suka yanko muryar Thatcher da ta Reagan daga jawabai daban daban suka harhaɗa a kaset kamar suna hira a waya, suka saka shi ya bazu ba suna. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fito ta ce aikin KGB ne, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. Sai a farkon 1984 jaridar Observer ta gano ashe mutanen gidan gonar nan ne. Da almakashi da kaset fa, ba kwamfuta.

Ɗan Zinder: Gidan nasu ya tuna min da Kalakuta ta Fela.

Na Landan: Kalakuta sojoji suka ƙona ta a 1977 malam, su kuwa nasu gidan yana nan har gobe. Ba ɗaya ba.

Sarkin Jita: Kuma a ƙarshe ai su ma rigima suka yi a kan sake buga fayafayan nan da Na Landan yake tallatawa. 'Yan ba shugaba, sai ga su ana kai ruwa rana kan haƙƙin mallaka.

Baban Ummi: Mutum tara yake bai cika goma ba. Ka nuna min ƙungiyar da kuɗi bai taɓa shiga tsakaninta ba.

Hajjo: Chumbawamba, su ma mawaƙan anakis ɗin nan? 👀

Sarkin Jita: Waɗanda suka sa hannu da babban kamfanin waƙa EMI a 1997? Admin a cire yarinyar nan.

Hajjo: Amma ka yi rawa da waƙarsu a bikin Yaya, akwai bidiyo.