Neman kalma: me za mu kira bandejin da ba ya barin miki ya bushe?

1/ Jama'a, a taimaka mini. An ba ni takardar wayar da kai ga masu ciwon suga in mayar da ita Hausa, na zo kan abin da Turawa ke kira antibacterial polymer dressing na cije. Kwana uku ke nan. Da farko na rubuta "bandejin roba mai kashe ƙwayoyin cuta". Na karanta wa mahaifina, wanda gyambon ƙafa ya ajiye a gida, sai ya ce: "Kai yaro, leda za a ɗaura mini?" Nan na soke shi.

2/ Bari in faɗi abin tukuna. Mu dai mun taso ana cewa a bar ciwo ya sha iska ya yi ɓawo. A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar alade: ya rufe wasu raunuka da siririyar leda, wasu ya bar su a buɗe. Waɗanda aka rufe suka riƙe danshi, sabuwar fata ta rufe su da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Ɓawon da muke murna da shi ashe shinge ne, sabuwar fata sai ta bi ta ƙarƙashinsa. Daga nan aka shiga ƙera abin rufe miki da zai riƙe danshi daidai gwargwado.

3/ Iri-iri ne. Akwai haidirojel, mai kama da kamu da ya daskare, yawancinsa ruwa ne, ana sa wa busasshen miki da ƙuna. Akwai aljinet da ake samu daga ciyawar teku, shi kuma na miki mai zubar da ruwa ne, yana tsotsewa ya koma yauƙi. Akwai kitosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda ke manne wa jikin bakteriya ya lalata fatarta, yana kuma taimakawa jini ya tsaya. Sai masu bincike su cusa musu azurfa, ko aidin, ko zuma, maganin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan.

4/ Wani malami da ke koyar da kimiyyar haɗa sinadarai ya ce a ari kalmar polymer ɗin, a rubuta "folima" kawai a wuce, kamar yadda muka karɓi kwamfuta. Allah ya gafarta Malam, a aji na yarda. Amma folima ba komai ba ce illa ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya da aka jera kamar 'ya'yan carbi. Audugar da ke cikin tsohon bandeji ma folima ce. Sitaci folima ne. To kalmar ba ta raba sabo da tsoho ba, kuma mai gyambo ba ruwansa da ita.

5/ Wani ya kawo "bandejin ƙaro". Na so wannan ƙwarai, don ƙaron dakwara da ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno har zuwa Sudan folima ce ta gaske, kuma duk wanda ya taɓa jiƙa shi a ruwan tawada ya san yadda yake narkewa ya yi yauƙi. Abin da ya tsorata ni, gobe wani ya ji a rediyo ya je ya ɓanɓaro ƙaro a daji ya liƙa a miki. Bandejin asibiti tsarkakakke ne, an kashe duk ƙwayar da ke jikinsa. "Danƙo" ma haka, ga shi ya riga ya zama na harbin tsuntsu.

6/ Sai wata malamar jinya da ta shekara da shekaru a ɗakin wankin ciwo ta shigo, ta ce mini: "Ɗana, kuna ta neman abin da aka yi shi da shi. Ku tambayi marasa lafiya me suke tsoro." Gaskiyarta. Na tsaya a kan mahaifina ana masa dirasin. Tsohon bandeji ya bushe ya kama nama, sai an jiƙa shi da ruwan gishiri ana ja a hankali, shi ko ya damƙe ƙarfen gado yana salati. In ya fita, ga sabon naman nan ja-ja a jikin zaren, jini na tsattsafowa. Aikin kwana biyu ya koma baya. Hausa na da kalma ɗaya tak ga wannan: fami. Malamar jinyar ta ce a kira sabon bandejin "hana-fami".

7/ Ginin kalmar namu ne, kamar hana-salla da hana-ƙarya. Tana da daɗin faɗi, tsohuwa za ta riƙe ta a ji ɗaya. Malamin kimiyya ya dawo ya ce ina kashe bakteriyar a ciki? Yana da hujja, don ba kowane mai riƙe danshi ne ke ɗauke da magani ba, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. "Ƙwayoyin cuta" ta yi faɗi, ta haɗa har da bairos. Abin da mutane ke gani shi ne miki ya yi mugunya, ya fara ɗoyi, su ce ya ruɓe.

8/ To ga inda na tsaya. Dangin duka: bandejin hana-fami. Wanda aka sa wa azurfa ko aidin ko zuma: hana-fami mai hana ruɓa. "Folima" ta zauna a littafin ɗalibai. Na so in sa "danshi" a sunan don ya yaƙi maganar shan iska, amma Hajiya malamar jinya ta ce in mutane suka ji danshi za su riƙa yayyafa wa bandeji ruwa, sai na mayar da shi cikin bayani.

9/ Na sake karanta wa Baba da daddare. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Hana-famin nan, nawa ne?" Mutanen Maradi da Damagaram, in "fami" ba haka take a bakinku ba, ku faɗa kafin Alhamis, ranar zan miƙa takardar.