Tambaya kan kalmar appraise, dan Allah masu Turanci a taimaka

Direban Jidda:
Slm ƴan uwa. Ni direba ne a wani kamfani nan Jidda, satin da ya wuce wani ya buge ni ta baya a hanyar Madina, motar kamfani ce kuma ba laifina ba ne, to manajanmu ba ya jin Larabci sai Turanci, ya turo min saƙo a WhatsApp wai za a yi appraise na motar sannan wata mai zuwa akwai appraisal nawa. Wlh hankalina ya tashi don iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Ta yaya kalma ɗaya za ta hau kan mota kuma ta hau kaina? Kuma meye bambancinta da evaluate?

Malam na Shara Mansur:
Wa alaikumus salam ƙanina, kwantar da hankalinka. Appraise shine masani ya duba abu ya faɗi ƙimarsa, yawanci da kuɗi. Ka ga idan mace ta kai sarƙarta kasuwar gwal, mai shago zai ɗora a sikeli ya ga giram nawa ce, ya duba hatimin ko karat 21 ce ko 18, ya cire kuɗin ƙira sannan ya ce kaza take, to wannan aikin shine appraise, Larabawa su ce tasmin. Amma ba tayi ba ne fa, mai taya yana neman sauƙi ne har ka ce masa albarka, shi kuwa mai appraise ba lallai ma yana son saye ba. Motarka haka za a yi mata, a duba ɓarnar a yanka mata kuɗi saboda inshora. Evaluate ta fi faɗi, ana yin ta wa ɗalibi, wa magani, wa tsari, ko babu maganar riyal a ciki, ita ce taƙyim, mu kuma mu ce kimantawa ko aunawa.

Maman Ummi Riyad:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi kan naka appraisal ɗin tunda ni ma ana mana duk shekara a wajen aiki. Zama ne kai da shugabanka, takarda ce da maki, zuwa a kan lokaci, mu'amala da mutane, kula da kayan aiki, ka karanta ka sa hannu. Kowa ake yi wa, ba don hatsarin ba ne. Amma ɗan uwa ka tafi da takardar rahoton hatsarin da ta nuna laifin na wancan ne, kada ka sa hannu a abin da baka gane ba, ka ce a fassara maka.

Abu Hafsa:
A kula da apprise, babu harafin "a" a tsakiyarta, ita sanarwa take nufi, ko Turawan ma suna rikita su. Kuma in an zo faɗin kuɗin kalmar "at" ake sawa, appraised at 8,000 riyals.

Direban Jidda:
Allah ya saka da alheri, na gode Malam, na gode Hajiya. Takardar na nan a wayata, gobe in sha Allah zan buga ta in kai ofis.