Puja ta 'yan Hindu: da Hausa me za mu ce mata?

Jama'a salamu alaikum, yau wata kalma ce ta kawo ni. Duk mai kallon fina-finan Indiya ya san wurin nan da gari zai waye, tsohuwar gidan ta fito daga wanka ta tsaya gaban wani ɗan akwatin katako mai hotuna da mutum-mutumi, hannun hagu tana kaɗa ƙararrawa, na dama tana juya faranti da wuta a kai. Su a wajensu sunan abun puja. Mu kuma in an zo faɗa da Hausa kowa da tasa, wani yace tana tsafi, wani yace tana sallarsu, wani yace ibada kawai ya wuce. Toh ni dai a ganina ukun nan babu wacce ta zauna daidai, kuma ba ƙaramin abu bane tunda a ƙidayar Indiya ta 2011 kashi 79.8 cikin 100 na mutanen ƙasar 'yan Hindu ne, ga Nefal, ga tsibirin Bali, har a Akara ta Gana akwai gidan ibadarsu a unguwar Odorkor tun 1975. Ga kuma mutanenmu da ke zuwa Indiya neman magani ko karatu suna ganin abun nan da idonsu a gidajen haya da shaguna.

Kafin wani ya taso min, bayani nake ba wa'azi ba, sanin sunan abu daban yarda da shi daban. Da na fara tayar da zancen nan akwai wani Malam da wata Anti da wani ƙane da suka kawo nasu ra'ayin, zan ba su amsa a ƙasa.

Bari mu fara da yadda ake yin ta a gida, dan in baka san aikin ba ba zaka iya raɗa masa suna ba. Mutum zai tashi da asuba, masu ƙoƙari ma tun kusan awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, yayi wanka ya sa tufafi masu tsabta, ba a shiga wurin da takalmi. Zai kwashe furannin jiya da suka bushe ya goge wurin, ya kunna 'yar fitilar man shanu ko man riɗi mai lagwanin auduga, sannan ya fara miƙa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Gajeren tsarin da yawanci ake yi kullum abu 5 ne: shafa kwaɓin itacen sandal, fure, turaren wuta, hasken fitila, sai abinci. Cikakken kuma matakai 16 ne, kuma nan ne maganar take, ku saurara da kyau. Ana kiran abin bautar ya sauko, a ba shi wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa, ruwan wanke hannu, ruwan kurɓa, a yi masa wanka, a sa masa tufafi, a shafa masa turare, a ba shi fure, a kunna masa turaren wuta, a kunna masa fitila, a kawo abinci, bayan abinci a miƙa masa ganyen da Indiyawa ke taunawa da ƙwallon da suke haɗa shi da shi, a kewaye shi a rusuna, daga ƙarshe a sallame shi. Jerin yakan ɗan bambanta daga gida zuwa gida amma ƙashin bayansa kenan. Yanzu dan Allah duk Bahaushen da ya taɓa saukar babban baƙo ya faɗa min me ya gani anan, ai tabarma ce da ruwa a kwanon sha da buta da tuwo da goro da rakiya zuwa ƙofar zaure. Su a fahimtarsu baƙo mai daraja suke saukarwa kullum safiya, kuma kalmar da suke kiran kowane mataki da ita a Sanskirit, tsohon harshensu na addini, wato upacara, ma'anarta yi wa wani hidima.

Toh mu auna kalmominmu.

Tsafi dai na cire ta tun farko. In Bahaushe yaji tsafi abin da ke zuwa masa boka ne da tsakar dare da baƙar kaza da neman cutar da wani, ko kuɗin jini. Tsohuwar nan da ke ajiye ayaba da madara a gaban hoto da safe kafin jikokinta su tafi makaranta ba wannan take ba, kuma in ka fassara haka ka ƙara wa labarin abun da babu shi a ciki.

Sallah ma ba ta shiga ba. Sallah tana da raka'a, tana da alƙibla, tana da lokuta 5 da aka ɗora wa kowa, kuma ba a miƙa fure ko abinci a cikinta. Puja ta gida babu adadi ɗaya da ya hau kan kowa, wani safe kawai, wani safe da yamma, wani minti 5 ya gama wani ya kai awa, ba liman ba jam'i, sau da yawa ma uwa ko kaka ce ke riƙe da ita. Suna dai so mai yi ya fuskanci gabas ko arewa, wurin kuma in da hali ya kasance kusurwar arewa maso gabas ta gidan, amma wannan ba alƙibla bace. Ga kuma mu Musulmi kunnenmu ba zai ɗauka ba, wannan ma ya isa dalili.

Allah ya gafarta Malam, naga gyaran da ka kawo cewa a ce bauta kawai a huta, tunda dai abun bauta ne. Gaskiya ne Malam, bauta ce, ban ja ba. Matsalar kalmar ta yi faɗi ne. Azuminsu bauta ne, zuwa birnin Baranasi wanka a kogin Ganga bauta ne, karatun littattafansu bauta ne, amma duk ba a ce musu puja. In muka ce bauta a ko'ina mai karatu ba zai gane cewa wani aiki ne takamaimai mai faranti da fitila ba. Sannan akwai wani gefen kuma: suna yin puja wa sabuwar mota, a kudancin Indiya akwai ranar da ake yi wa kayan sana'a a lokacin bikin Nabaratri, makaniki ya wanke sifanoninsa ya sa musu fure, ɗalibai su ajiye littattafai gaban Saraswati abar bautarsu ta ilimi, 'yan kasuwa su buɗe sabon littafin lissafi ranar bikin Diwali da puja ta Lakshmi abar bautarsu ta arziki. Kaga asalin kalmar girmamawa ce da karramawa, bautar tana ciki amma da siffar karrama take zuwa. Ibada ma wannan matsalar ce da ita.

Anti da kika ce sujada, na san daga inda kika ɗauko, Kiristoci Hausawa suna cewa sujada ga taronsu na Lahadi a majami'a. Sai dai a puja faɗuwa ƙasa ɗan yanki ne can wajen ƙarshe. Addu'a ma haka, yanki ce.

Saboda haka ga abun da nake ganin mu tsaya a kai. In bayani ake a rubutu, karon farko a ce hidimar bauta, dan hidima ita ce kalmar da muke amfani da ita in ana ɗawainiya da baƙo ko biki, akwai kai-kawo da kaya a cikinta, bauta kuma ta nuna ga wa ake yi. Daga nan sai a ci gaba da kalmar kanta amma da bakin Hausa, wato fuja, kamar yadda muka karɓi coci da fasto ba mu ce dole sai mun ƙirƙiro musu wata ba. Kuma ta zauna lafiya lau a jimla: ta yi fuja, fujar safe, fujar yamma, ɗakin fuja, kayan fuja. Mace ce a Hausa tunda da wasalin a ta ƙare, abun daɗin ma ko a Hindi mace ce.

Ƙane, kai da kake cewa fuja tayi kama da sunan shago, haba, duk kalmar aro haka take ranar farko, a saba da ita kawai.

Sauran kayan kuma yawancinsu muna da sunansu a gida ba sai mun yi aro ba. 'Yar fitilar nan ta kasko da suke kira diya kar mu kuskura mu ɗauko sunan, zai rikice da diyya da kuma ɗiya, alhali ga aci-balbal nan kakanninmu sun bar mana, kasko da mai da lagwani, ita ce sak. Juya wutar da ake a gaban mutum-mutumin ana waƙa, wanda suke kira arati, sau da yawa da kafur ake kunna ta, bayan an gama kowa ya ɗora tafin hannu saman wutar ya shafa a ido da ka, wannan kewayen fitila ya ishe shi suna. Abincin da aka miƙa, wanda mai girki ba ya ɗanɗanawa kafin a kai, galibi ba nama, gidaje da yawa ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa, in an sauko da shi an raba wa 'yan gida sunansa ya koma prasad, mu kuma tabarruki muke ce wa irin wannan. Maimaita suna ko wata jimla da suke yi da carbinsu mai ƙwaya 108, nan ne kalmar wuridi za ta yi aiki, ba a kan fujar gaba ɗaya ba. Tulsi da suke shukawa a tsakar gida suna ba ta ruwa kullum safiya dangin ɗoɗɗoya ce, amma a bar mata sunanta dan ba kowace ɗoɗɗoya bace. Kuma ba a miƙa ta ga kowane abin bauta, ganyenta na Bishnu da Kirishna ne, Shiba ganyen bel ake ba shi, Ganesh mai kan giwa wanda da shi ake buɗe kusan kowace fuja wata ciyawa ake ba shi mai suna durba. Wanda zai fara nasa tsarin a gida yakan zaɓi abin bauta ɗaya da zuciyarsa ta fi kwantawa da shi ko wanda ya gada a gidansu, kuma ba sai da kaya masu tsada ba, a littafinsu Bagabad Gita babi na 9 an ambaci ganye da fure da ɗan itace da ruwa a matsayin abun da ake karɓa in da zuciya ɗaya aka bayar.

Wurin kansa kuma yawancin gidaje ba ɗaki bane sukutum, musamman a birane irin Mumbai da ɗaki ke tsada, ɗan kabad ne a jikin bango ko kanta ɗaya a kicin. In a bango yake alkukin fuja ya dace, in ɗaki ne guda a ce ɗakin fuja.

Saura murti, wato mutum-mutumin da suke yin fuja a gabansa. Nan nasan za'a ja da ni. Gunki ita ce kalmar da muke da ita kuma a wa'azi ko tafsiri ita za'a faɗa, babu mai hana wannan. Amma in ɗan Hindu ne ke magana da bakinsa a fim ko a labari, shi ba zai kira nasa gunki ba, dan haka a bakinsa a sa mutum-mutumin Kirishna ko siffar Kirishna, mai ba da labari kuma ya zaɓi wacce ta dace da wurin da yake magana.